Jeranta Gwaje-gwajen Manhaja Bisa Fifiko Domin Kama Aibu Mai Wuyar Gani: Darasi Daga Tafkin Kainji

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wata matsala da ke damun masu rubuta manhajar kwamfuta, watau yadda za su jeranta gwaje-gwajensu idan lokaci bai ishe su su gudanar da su duka ba. Za mu nuna cewa hanyoyin da aka saba bi wajen wannan jerantawa sun ƙware wajen kama aibun da ke bayyana kullum, amma sukan tura gwajin da zai tono ɓoyayyen aibu can ƙarshen layi, inda sau da yawa ba a kaiwa gare shi. Za mu kuma nuna cewa maganin wannan ba ya cikin lissafi kaɗai, sai an haɗa da sanin wurin da manhajar za ta yi aiki. Domin maganar ta zauna a kan abin da mahalarta suka sani, mun ɗauki misalinmu daga Tafkin Kainji da garuruwan da ke bakinsa a ƙasar Yawuri da Ngaski da Shanga ta Jihar Kebbi.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kafin mu yi nisa ya kamata mu daidaita a kan kalmomi huɗu da za su yi ta maimaituwa.

Aibu shi ne kuskuren da ke kwance cikin umarnin da aka rubuta wa kwamfuta, ko an gan shi ko ba a gan shi ba. Tangarɗa kuwa ita ce abin da mai amfani da manhaja yake gani a zahiri sa'ad da aibun ya motsa, kamar lissafi ya fito ba daidai ba, ko na'ura ta tsaya cik. Aibu yana iya shekara goma a kwance bai haifar da tangarɗa ko ɗaya ba.

Gwaji shi ne a ba manhaja wasu bayanai da aka riga aka san amsarsu, a duba ko abin da ta fitar ya dace da amsar. Gwajin koma-baya kuma shi ne sake gudanar da tsofaffin gwaje-gwaje bayan an taɓa manhaja, don a tabbatar cewa gyaran da aka yi a wani wuri bai ɓata abin da ke aiki lafiya a wani wurin ba. Mun zaɓi wannan suna ne domin abin da ake gudu shi ne manhajar ta koma baya, abin da take yi daidai jiya ta kasa yin sa yau.

3.0 Asalin Matsalar

Duk lokacin da aka ƙara wa manhaja wani sabon aiki, ko aka gyara wani aibu, akan ƙara sababbin gwaje-gwaje a kan na da, ba a kuma cika zubar da tsofaffin ba. Ta haka tarin gwaji yake ta girma har ya fi ƙarfin lokacin da ake da shi. Rothermel da Untch da Chu da Harrold, a aikinsu na 1999 da suka faɗaɗa a 2001, sun ba da labarin wata manhaja mai layin umarni kamar 20,000 kawai, wadda gudanar da dukkan gwaje-gwajenta yake cin mako bakwai. Wanda ke da gyaran gaggawa ba zai iya jiran mako bakwai ba.

Hanyoyi uku aka sani na fita daga wannan ƙunci. Ta farko ita ce a rage tarin, a zubar da gwaje-gwajen da ke maimaita juna. Ta biyu ita ce a tsamo waɗanda suka shafi wurin da aka taɓa kaɗai. Ta uku, wadda ita ce batunmu, ita ce kada a zubar da kome, amma a jeranta su yadda mafi amfani za su zo a gaba, ta yadda ko lokaci ya yanke a tsakiya, an riga an ci moriyar mafi yawa. Amfanin ta ukun shi ne ba ta asarar gwaji ko ɗaya. Wahalarta kuwa ita ce tambayar da ke gindinta: da me za a san gwaji mafi amfani, alhali ba a san inda aibun yake ba tukuna?

4.0 Hanyoyin da Aka Saba Bi

4.1 Mamaya. Hanya mafi shahara ita ce a auna yawan layukan umarni da kowane gwaji yake ratsawa, abin da za mu kira mamaya. Wani salon yakan sa gwaji mafi faɗin mamaya a gaba, na biye da shi ya biyo, har ƙarshe. Wani salon kuma, bayan an ɗauki na farko, sai a nemi wanda zai ratsa layuka mafi yawa daga cikin waɗanda ba a taɓa ba tukuna. Bincike da dama ya nuna wannan salo na biyu yakan fi na farko saurin kama aibu.

4.2 Tarihi. Kim da Porter a 2002 sun ba da shawarar a dubi tarihin kowane gwaji, a fifita wanda ya kama aibu kwanan nan da wanda aka daɗe ba a gudanar ba. Elbaum da Rothermel da Penix sun gwada irin wannan dabara a 2014 a kan bayanan gwaji na kamfanin Google.

4.3 Wurin da aka taɓa. Srivastava da Thiagarajan na kamfanin Microsoft sun bayyana wani tsari a 2002 wanda yake kwatanta tsohuwar manhaja da sabuwa, ya gano sassan da suka sauya, ya sa gwaje-gwajen da ke ratsa su a gaba.

Dukkan hanyoyin nan suna da amfani, ba mu kuma ce a yi watsi da su ba. Sai dai idan aka lura da kyau za a ga suna da hali guda: suna dogara ne a kan abin da aka riga aka gani. Mamaya tana gaya mana an ratsa layi, ba ta gaya mana an ratsa shi da irin bayanan da za su tada aibun da ke cikinsa ba. Tarihi kuwa yana ɗaukaka gwajin da ya saba kamu. Gwajin da aka rubuta domin wani yanayi da ba ya zuwa sai jefi-jefi, wanda bai taɓa faɗuwa ba, shi ne tarihi zai fara turawa baya.

5.0 Halin Ɓoyayyen Aibu

Voas a 1992 ya fayyace cewa kafin aibu ya zama tangarɗa sai abubuwa uku sun auku a jere: a ratsa layin da ke da aibun, bayanan da ke cikin na'ura su gurɓace sanadiyyar ratsawar, sa'an nan gurɓacewar ta yi tafiya har ta fito a sakamakon da ake dubawa. Ɓoyayyen aibu shi ne wanda ke tsallake mataki na biyu ko na uku a kusan kowane gwaji. Adams na kamfanin IBM ya nuna a 1984 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na aibun da aka gano a manhajojin da ya nazarta irin waɗanda ba sa bayyana ne sai sau ɗaya a shekara 5,000 na aiki, idan aka tara lokacin aikin dukkan na'urorin da ke ɗauke da su. Gray kuma a 1985 ya yi bayanin wani nau'i mai ban haushi, wanda da zarar an sa ido ana neman sa sai ya ɓace, saboda kayan binciken kansu sun sauya saurin na'urar. Hausawa na cewa kifi na ganinka mai jar koma.

Misalai biyu za su nuna abin da ke iya biyo baya. Ranar 14 ga Agusta 2003 wutar lantarki ta ɗauke wa mutum kimanin miliyan 50 a jihohi takwas na Amurka da lardin Ontariyo na Kanada. Cikin musabbaban akwai tsayawar manhajar ƙararrawa a ɗakin kula da layukan wuta na kamfanin FirstEnergy a jihar Ohayo. Ƙararrawar ta mutu shiru, ma'aikata suka shafe fiye da sa'a guda ba su san layuka suna faɗuwa ba. Aibun irin na rige-rige ne, watau sassa biyu na manhaja su kai hannu kan bayani guda a lokaci guda, a wata tazara da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Sai da injiniyoyin kamfanin da ya ƙera tsarin suka yi kamar mako takwas, suna rage saurin manhajar da gangan suna yi mata ruwan saƙonni, kafin su sa aibun ya sake fitowa.

Na biyu shi ne abin da ya faru ranar 19 ga Yuli 2024, sa'ad da wani ƙaramin sabuntawa daga kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu amfani da Windows, jiragen sama da bankuna da asibitoci suka tsaya a ƙasashe da yawa. Bisa bayanin kamfanin da kansa, wani sashe yana jiran bayanai 21 ne, ana kuwa miƙa masa 20. Gwaje-gwajen baya duk sun wuce lafiya domin babu wanda ya tilasta wa manhajar ta karanta na 21 ɗin. An ratsa hanyar, amma ba da bayanin da zai tada aibun ba.

6.0 Ma'aunin da Ke Iya Ruɗarwa

Masu bincike suna auna kyawun jerantawa da wani ma'auni da ake kira APFD, wanda ke ba da maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon saurin da jerin ya kama aibobi. Bari mu ƙirƙiri ƙaramin misali. A ce muna da gwaji biyar, G1 zuwa G5, da aibu biyar, A1 zuwa A5. G1 yana kama A1 da A2. G2 yana kama A1 da A2 da A3. G3 yana kama A2. G4 yana kama A4. G5 kaɗai ke kama A5, wanda shi ne ɓoyayyen, shi ne kuma mai haɗari.

Jeri na farko: G2, G4, G1, G3, G5. Makinsa 70.
Jeri na biyu: G5, G4, G2, G1, G3. Makinsa 62.

Ma'auni ya ce na farko ya fi. Amma a ce lokaci bai ba da damar gudanar da fiye da gwaji uku ba. Jeri na farko zai kama aibu huɗu ya bar A5 a kwance, na biyu kuwa zai kama duka biyar. Dalili shi ne ma'aunin ya ɗauki dukkan aibobi daidai wa daida, ya kuma ɗauka za a kai ƙarshen jerin. Elbaum da Malishevsky da Rothermel sun lura da wannan tun 2001, suka fito da wani gyararren ma'auni mai la'akari da tsadar gwaji da girman ɓarnar aibu. To amma wa zai faɗi girman ɓarnar? Wannan ba abin da za a karanto daga layukan umarni ba ne. A nan ne sanin wuri yake shigowa.

7.0 Darasi Daga Tafkin Kainji

An gina madatsar Kainji a kan Kogin Kwara tsakanin 1964 da 1968. An tsara ta da gurbin injin 12, aka kafa takwas masu ƙarfin megawat 760 a haɗe. Tafkin da ya taru a bayanta ya miƙa kilomita kamar 135 zuwa arewa har ƙasar Yawuri, ya kuma sa aka tada mutum kimanin 44,000 daga garuruwansu aka sake musu matsuguni. Tun daga 2013 kamfanin Mainstream Energy Solutions ke gudanar da tashar Kainji da ta Jebba da ke ƙasa da ita.

Abin da ya bambanta wannan tafki shi ne ambaliya biyu yake karɓa a shekara. Ta farko, wadda masana kogi ke kira farar ambaliya saboda lakar da take ɗauke da ita, daga ruwan daminar yankinmu take, takan kuma kai ƙololuwa wajen Satumba. Ta biyu, baƙar ambaliya, ruwan da ya sauka ne a tsaunukan ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun tsakiyar Mali inda yake sauke lakarsa, ba ya isowa sai cikin sanyin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Tsakanin cikar tafki da janyewarsa akwai tazarar mita kamar goma. Rayuwar Gungawa da Kambari da Sarkawa da Hausawan bakin ruwa, daga Wara zuwa Yelwa, tana bin wannan hawa da sauka: inda ruwa ya janye nan ake noma, inda ya cika nan ake su.

Yanzu mu ƙaddara an ba wasu ɗalibanmu aikin rubuta manhajar da za ta riƙa karɓar tsayin ruwa daga ma'aunai a Yelwa da Wara da bakin madatsa, ta yi hasashen cikar tafki, ta aika gargaɗi ta wayar hannu ga masu unguwanni idan ruwa zai hau gonaki. A ce sun tara gwaji dubu, sun kuma samo bayanansu daga shekarun da aka saba gani. Mafi yawan gwaje-gwajen za su kasance na ranakun da ruwa ke hawa ko sauka a hankali. Su ne masu faɗin mamaya, su ne kuma suka kama kurakuran farko, saboda haka mamaya da tarihi duka za su sa su a gaba.

Amma ranar da ake bukatar wannan manhaja da gaske ba irin waɗannan ranaku ba ce. Ita ce ranar da farar ambaliya ta zo da ƙarfi ta tarar da tafki bai janye sosai ba, kamar shekarun babbar ambaliya irin 2012 da 2020. Ita ce ranar da hadari ya katse sadarwa, saƙonnin sa'a shida suka taru suka iso lokaci guda, na baya kafin na gaba. Ita ce ranar da ma'auni ya nutse ya riƙa aiko da sifiri, manhaja ta ɗauka ruwa ya ƙafe. Akwai kuma ɗaya gefen: a Yunin 1985, bayan farin shekarun nan, Kogin Kwara ya daina gudu a Yamai. Manhajar da ke raba wani adadi da yawan ruwan da ke shigowa za ta ci karo da sifiri a irin wannan shekara. Masunci ya san idon koma shi ke yanke irin kifin da za a kama, wanda kuma ya fi son giwan ruwa ba ya tsayawa a inda kowa ke jefa birgi. Dattijon da ya ga tashin garuruwa a 1968 ya kuma ga farin 1984 yana riƙe da jerin yanayin da babu su a bayanan shekara biyar.

8.0 Shawarwari

Daga abin da ya gabata muna ba da shawarar a raba lokacin gwaji kashi-kashi, kada a miƙa shi duka ga ma'auni guda.

Na ɗaya, a zauna da masu sanin wurin, injiniyoyin ruwa da masunta da manoma, a rubuta yanayin da idan manhaja ta gaza a cikinsu za a yi asarar rai ko dukiya. Gwaje-gwajen waɗannan yanayi su shiga gaba a kowane zagaye, ko da ba su taɓa faɗuwa ba. Rashin faɗuwarsu ba hujjar cire su ba ce.

Na biyu, a biyo da gwaje-gwajen da ke ratsa wurin da aka taɓa, a jeranta su ta salon ƙarin mamaya.

Na uku, a ware wani kaso don bambanci. Jiang da abokan aikinsa sun nuna a 2009 cewa zaɓen gwajin da ya fi nisa da waɗanda aka riga aka gudanar yana iya gogayya da hanyoyin mamaya. Haka nan Kuhn da Wallace da Gallo sun gano a 2004 cewa mafi yawan tangarɗar da suka nazarta sharaɗi ɗaya ko biyu ne ke tada su, babu kuma wadda ta bukaci fiye da shida. Ma'anar wannan ita ce ba sai an gwada kowace haɗuwa ba. Idan aka tabbatar kowane sharaɗi biyu ko uku sun haɗu a wani gwaji, kamar cikar tafki da katsewar sadarwa da sauyin kwanan wata, an toshe mafi yawan maɓoya.

Na huɗu, a auna ƙarfin gwaje-gwajen kansu ta hanyar dasa ƙananan kurakurai da gangan, dabarar da DeMillo da Lipton da Sayward suka bayyana a 1978. Kuskuren da gwaji ɗaya tak ya iya kamawa yana nuna mana gwajin da ba shi da mataimaki, irin G5 na misalinmu. Irin wannan a ɗaga shi sama.

Na biyar, gwajin da yau ya wuce gobe ya faɗi ba tare da an taɓa kome ba, kada a yi saurin kashe shi don ya dami mutane. Luo da abokan aikinsa sun nuna a 2014 cewa jira da rige-rige suna cikin manyan dalilan irin wannan rawa, wani lokaci kuma aibun a cikin manhajar yake, ba a gwajin ba. A maimaita shi da sauri dabam-dabam, kamar yadda aka yi kafin a kama aibun Ohayo.

Na shida, a sa iyakar lokacin da gwaji zai iya zama ba a gudanar da shi ba, domin na ƙarshen layi su ma su riƙa samun zagayensu, ko da dare ne ko ƙarshen mako.

Dole mu yarda cewa wannan tsari yana da farashi. Zai jinkirta kama wasu ƙananan aibobi, makinsa a ma'aunin da aka saba kuma zai ragu, kamar yadda 62 ya gaza 70. Inda ɓarnar tangarɗa ba ta wuce ɓacin rai ba, hanyoyin da aka saba sun wadatar. Inda ruwa da wuta da kuɗin jama'a suke, farashin ya cancanci biya.

9.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa jeranta gwaji hukunci ne a kan abin da aka fi tsoro, ko an furta ko ba a furta ba. Mamaya da tarihi da wurin da aka taɓa suna amsa tambayar ina aibu ya fi yiwuwa, amma ba su amsa tambayar wane aibu ne ba za a iya jure wa ba. Ga malaman da ke koyar da ilmin kwamfuta a jami'o'i da kwalejojinmu, abin da ya biyo baya a aikace shi ne a riƙa tura ɗalibi wurin da manhajarsa za ta yi aiki kafin ya rubuta gwajinsa na farko. Wanda zai rubuta wa mutanen Ngaski manhajar gargaɗin ambaliya, ya fara zuwa Wara ya tambayi shekarar da ruwa ya fi hawa da shekarar da ya fi janyewa, da abin da ya lalace a kowacce, sa'an nan ya dawo ya sa waɗannan a kan jerinsa.